Batir Ɗaya a Hanyar Aujara

Ƙas-ƙas-ƙas-ƙas.

Na saki makullin, na yi bisimilla, na sake murɗawa.

Ƙas-ƙas-ƙas.

"Gwadabe," in ji Baffa Yahuza daga kujerar gefe, yana tattara hannun babbar rigarsa, "motar ce take tari ko kai ne?"

"Motar ce, Baffa."

"To ka gaya mata ana jiranmu."

Na kifa goshina a kan sitiyari. Ga ni dai, ma'aikacin sakatariyar Dutse, na doshi hamsin, furfura ta gama da gemuna ta fara hawa kai, amma gabana yana faɗuwa kamar na ɗan sakandare. Tun da matata ta rasu, 'yarmu Bilki kuma ta yi aure, ni da rediyo muke zaune a gidana na Limawa. Rediyon yana magana, ni ina gyaɗa kai. A haka Allah ya haɗa ni da Radiyya, 'yar Malam Hussaini na Aujara, mai zauren karatun da manya suke ɗaukar littattafai.

Radiyya ta yi aure sau biyu, kuma duka mazan sun riga mu gidan gaskiya. Na farko zazzaɓi, na biyu hatsarin babur. Wannan kaɗai ya ishi yayata, Yaya Luba, ta ɗaura ɗamara.

"Farar ƙafa gare ta," in ji ta. "Kai ka gaji da duniya ne? In ka gaji ka faɗa mana, ba sai ka biya sadaki ba."

Gida gida ta bi manyanmu. Duk ranar da aka sa za a je neman aure, sai wani ya tashi da ciwon baya, wani kuma ya tuna da ta'aziyyar da bai je ba. Aka yi ta ɗagawa har Malam Hussaini ya gaji. Ya kira ni zaurensa, bai ɗaga murya ba.

"Gwadabe, 'yata ba kayan talla ba ce. Akwai Alhaji Abdulwahab mai fataucin riɗi, ya daɗe yana jira, na hana shi saboda addini bai yarda wani ya shiga neman da wani ya fara ba. To amma kai har yau ba ka fara ba. Ranar Asabar, daga azahar zuwa kiran la'asar, zauren nan naku ne. Da an kira salla, nasu ne. Wanda manyansa suka buɗe baki, na rufe ƙofa a kansa."

Radiyya tana durƙushe a gefe. Ya tambaye ta ko ta yarda, ta ce ta yarda, ta yi masa alƙawari. Ta yi ne don ta amince da ni.

Baffa Yahuza, ƙanin mahaifina, shi kaɗai ya ce zai je. Ba wai maganar Yaya Luba ba ta shige shi ba. Cewa ya yi ba zai zuba ido ɗan yayansa ya tsufa yana dafa taliya da kansa ba.

Yau ce Asabar ɗin. Mun baro Dutse da wuri, muka bar kwalta muka kama hanyar burji da take yanke wa mutum tafiya, gero ya yi tsayi dama da hagu. Da azahar ta yi Baffa ya hango wani ɗan masallacin ƙasa a gindin darbejiya, ya ce a tsaya. Na so in bar motar a kunne.

"Kashe ta," in ji shi. "Ba na salla inji yana gurnani a bayana."

Na kashe ta. Ita kuma ta ɗauki maganar da gaske.

* * *

Ba yabon kai ba, na san ciwon motata fiye da yadda na san nawa. Abokan aikina Sai Haƙuri suke ce mata. In ta yi ƙas sau ɗaya da ƙarfi ta yi shiru, to kik ne, mai tayar da inji, ya maƙale, sai ka sa wani ya murɗa makulli kai kuma ka leƙa ka ƙwanƙwasa shi da sifana. In kuwa ta jera su kamar mai kaɗa haƙora a sanyi, wuta ce ba ta isa. Ko batir ya yi sanyi, ko kan batir ya saki.

Na kunna manyan fitilu na zagaya gaba. Ja-ja suke, kamar fitilar ƙwai da kananzir ya ƙare mata. Na danna hon, ya yi kukan ɗan akuya marar lafiya.

Na buɗe bonet. Injin yana ta ƙyalli, don jiya na kai an wanke shi tas. Kada a tambaye ni dalili. Surukin da ko kallon mota ba ya yi, shi na wanke wa inji.

Na girgiza kan batir, ɗaya yana ɗan motsi. Raina ya yi fari. Na kwance shi, na ari wuƙar da Baffa yake fasa goro da ita na kankare shi har ya yi haske, na mayar na ɗaure tamau. Na koma na zauna, na karanto duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa.

Ƙas-ƙas. Wannan karon ma a gajiye.

Wasu manoma da muka yi salla tare suka ajiye fartanyoyinsu suka matso.

"Malam, shiga mu tura ka."

"Na gode, amma atomatik ce. Ba ta tashi da turi."

Babbansu ya dube ni da tausayi. "Malam, babu motar da ba ta jin turi."

"Ka bar mutane su samu lada," in ji Baffa.

Na bar su. Suka tura ni da kabbara har muka gangara wani kwari mai yashi, nan tayoyin suka nutse. Yanzu ga mota ba ta tashi ba, ga ta kuma ta bar inuwa.

Wayata ta yi ƙara. Na ga sunan, na yi nisa da mutane kafin in ɗauka.

"Abban Bilki, kuna ina?" Muryarta ƙasa-ƙasa. "An shimfiɗa darduma tun ɗazu. Malam ya sallami masu karatu, yana zaune shi kaɗai yana kallon ƙofa."

"Muna hanya, Radiyya."

"Ban ji ƙarar mota ba."

Na juya na dubi motar a cikin yashi.

"Kada ka gaya mini," ta ce. "Don girman Allah kada ka gaya mini."

"Ƙaramin abu ne. Batir ne ya ɗan yi sanyi."

Sai na ji numfashinta ya sarƙe. Kukan Radiyya ba mai ƙara ba ne, a ciki take yinsa, sai dai ka ji maganarta tana yankewa.

"Shi ke nan. Za su ce ni ce. Ko ɗaurawa ba a yi ba na fara kashe mota. Yaya Luba za ta ce ai ta faɗa."

"Haba Radiyya. Motar nan ta fara mutuwa tun ba ki san ni ba. A bakin sakatariya ta mutu, a gidan mai ta mutu, ta taɓa mutuwa a tsakiyar jana'iza sai da masu makoki suka dawo suna yi mini jaje. In farar ƙafa ce, tawa ce, ni nake taka ta."

Ta yi wata dariya da ta ƙare a shessheƙa.

"Kullum sai ka mayar da abu wasa. Ka san ba na iya shiga gidan biki? In na zauna sai mata su janye ƙafarsu. Wata ta taɓa ɗauke jaririnta daga cinyata, ta ce wai barci yake ji. Na binne maza biyu, Abban Bilki, ban kashe kowa ba. Na yi jinyar ɗaya har hannuna ya saɓule da wanki. Kai kaɗai ne ka zauna a gabana ba ka tsorata ba."

"Na tsorata mana. Kyanki ne ya tsorata ni."

"Ka daina." Ta ja hanci. "Ni ba na ƙin Alhaji Abdulwahab, bai yi mini komai ba. Amma in na zauna da shi ba ni da abin cewa. Kai kuwa ko shirme kake yi ina so in ji ƙarshensa. Na yi wa Malam alƙawari a kan gwiwoyina. Tsoho ne, an ci masa fuska a kaina ya isa. Ba zan iya tashi in ce masa na fasa ba. Ka ji? Ba zan iya ba."

"Na ji."

"Ka hau babur. Ka hau jaki. Ka goyo Baffa a bayanka."

Na dubi hanya. Babu babur, babu amalanke, yau kasuwar wani gari take ci kowa ya tafi tun safe. Na dubi Baffa, wanda gwiwarsa ba ta kai shi masallacin unguwa sai da sanda.

"Za mu iso," na ce mata. Ban san da wane bakin na faɗa ba.

* * *

Inuwar darbejiya ta fara miƙewa gabas lokacin da muka ji ƙugin mota daga bayanmu. Farar mota ce babba, mai baƙin gilashi, irin wadda ba ta san ana murɗa makulli sau biyu ba. Na fita tsakiyar hanya ina ɗaga hannu biyu, kunya ta riga ta bar ni.

Ta tsaya. Gilashi ya sauka.

Alhaji Abdulwahab ne.

Mun san juna. Mun taɓa haɗuwa a ƙofar gidan Malam, kowa da ledar lemonsa, muka gaisa kamar 'yan takara a gidan rasuwa. A gefensa wani dattijo ne mai jar dara, kawunsa Alhaji Maharazu. Bayan motar kuwa cike da huhun goro da katan-katan na alawa da dabino.

Na so a ce mugu ne. Wallahi na so. Da ya ɗaga gilashi ya wuce, da na samu wanda zan tsana har in mutu. Sai ya buɗe ƙofa ya fito yana naɗe hannun rigarsa.

"Subhanallahi, Malam Gwadabe. Me ya same ta?"

"Batir, Alhaji."

"Kuna da wayar jona wuta?"

"Babu."

"Ni ma yara sun cire tawa. Bari mu yi ta gargajiya."

Duk mai tsohuwar mota ya san ta gargajiya. A ciro batirin mai lafiya a ɗora wa marar lafiya, in ta tashi sai a zare shi inji yana aiki, a mayar mata da nata, ta ci gaba da caja shi a hanya. Ya kashe motarsa, muka kwance batirinsa tare, kaina da nasa suna gogar juna a ƙarƙashin bonet, turarensa yana shiga hancina. Dattawan biyu kuwa sun samu inuwa suna gaisawa, har sun gano sun taɓa zama unguwa ɗaya a Makka.

Na shiga na murɗa.

Ko tari ba ta yi ba. Ta tashi da wani ruri da ban taɓa jin ta yi ba tun da na saye ta. Manoma suka yi kabbara, suka tura ta ta fito daga yashi.

Ina zaune, hannuna a kan giya. Motata tana aiki. Tasa tana tsaye baki buɗe, babu batir. Hanyar Aujara ga ta nan a miƙe, babu kowa a kanta.

Ba zan ɓoye ba, Shaiɗan ya zauna a kujerar Baffa ya yi mini magana da murya mai daɗi. Abin da ya cece ni ba tsoron Allah ba ne kaɗai. Baffa yana can gindin bishiya yana ba Alhaji Maharazu labarin farashin raguna, kuma mai neman aure ba ya shiga zaure ya nema wa kansa.

Na fito na bar ta a kunne. Alhaji Abdulwahab ya sassauta kan batirin, ya ɗaga shi.

Injin ya yi shiru nan take, kamar an toshe masa baki.

Muka dubi juna. Muka mayar, na tayar, ya sake ɗagawa. Ta sake mutuwa.

Nan na gane. Altaneta ce, abin da yake ba mota wuta yana kuma cajin batir in tana tafiya. Tun da muka fito daga wurin wanki jiya wata 'yar jar fitila mai hoton batir take kunne a gabana, na ce ruwa ne, zai bushe. Ashe ruwan ya shiga inda bai kamata ba. Tun daga Limawa a kan ragowar batir muke tafiya, har ya ƙare a ƙofar masallaci.

"Ba ta caji," in ji Alhaji Abdulwahab a hankali. "Ko an mayar da naka ba za ta kai ko'ina ba. Sai mai gyaran waya ya zo daga Dutse."

Mota biyu, batir ɗaya.

Na matsa kusa da shi yadda dattawa ba za su ji ba. Ban taɓa roƙon wani namiji irin wannan roƙon ba.

"Alhaji, ka ara mini shi. In sauke Baffa in dawo maka da shi. Kai lokacinka sai bayan la'asar."

Ya daɗe yana goge hannunsa da ƙyalle. Da ya ɗago, babu izgili a fuskarsa.

"Malam Gwadabe, da wani wurin za ka, wallahi motar zan ba ka gaba ɗaya." Ya ajiye ƙyallen. "Ni ma na daɗe ina jira. Ni ma ba yaro ba ne."

Ya sunkuya ya ɗauki batirinsa.

Da aka gama ɗaurawa, Alhaji Maharazu ya tako da sandarsa. "Malam Yahuza, wai ina kuka nufa ne? Mu rage muku hanya."

"Aujara," in ji Baffa. "Gidan Malam Hussaini."

Dattijon ya dubi ɗan 'yar'uwarsa, ya dube ni, ya dubi goron da yake leƙowa daga bayan motata. Ya gyara zaman dararsa.

"Ikon Allah. To ai hanya ɗaya ce. Akwai wurin mutum ɗaya a baya, bisimilla."

Na yi lissafi nan take. Da gudun motar nan za su isa kafin kiran salla. Na ja Baffa gefe.

"Baffa, Allah ya kawo mafita. Da kun sauka ka shige, ka yi magana. Lokacinmu ne, Malam da kansa ya ba mu."

Ya dube ni kamar na zagi mahaifina.

"A motar wa zan isa?"

"Baffa…"

"Mutum ya tsaya maka a daji, ya ɓata rigarsa a injinka, ya ɗauke ni ya sa mini sanyi, sannan in sauka in riga shi buɗe baki a kan abin da ya fito nema? Da wane idon zan dubi Alhaji Maharazu? Ba a haife mu haka ba, Gwadabe."

"To me za ka je yi?"

"In ba Malam haƙuri. Kada a ce an sa mana rana ba mu zo ba."

Ban san lokacin da gwiwoyina suka kai ƙasa ba. Ni da furfurata, da shaddar da na ajiye tun Babbar Salla, a cikin yashi, manoma suna kallo.

"Baffa, ka dube ni. Ba ni da wata shekarar da zan sake farawa. In na koma gidan nan ni kaɗai, haka za a zo a same ni wata rana. Kalma ɗaya ce, Baffa. Ka ce mun zo nema. Shi ke nan."

Idonsa ya kawo ruwa. Ya ɗora hannu a kaina kamar yadda yake yi ina yaro.

"Na sani, ɗana. Tashi, mutane suna gani."

Ya juya ya shiga farar motar, suka matsa masa katan ɗin alawa.

* * *

Ina zaune a kan murfin bayan motata lokacin da Radiyya ta sake kira. Raɗa take yi.

"Ina bayan ƙofar zaure. Abban Bilki, me nake gani? Baffa ne ya sauko daga motarsu. Kai kana ina?"

Na gaya mata. Duka.

"Amma ya zo," ta ce da sauri. "Ya zo, kuma ba a kira salla ba. Tsaya, sun zauna. Suna gaisawa." Na ji numfashinta a kunnena. "Malam ya ce, Malam Yahuza, lokacinku ne, bisimilla."

Na rufe ido.

"Me ya ce?"

Na ƙara danna wayar a kunnena.

"Radiyya, me Baffa ya ce?"

"Ya ce… Allah gafarta Malam, a motar bayin Allahn nan na zo, ba zan riga su ba." Muryarta ta karye. "Malam ya sake tambayarsa. Ya ce ko akwai abin da ya kawo ku? Abban Bilki, Baffa ya sunkuyar da kai. Yana jan carbi. Ka kira shi! Ka kira wayarsa!"

"Ba zai ɗauka a gaban Malam ba."

"To ni in shiga? In shiga in ce me? Wayyo Allah, ya buɗe baki mana, ya buɗe…"

Ta cikin wayar na ji lasifikar masallacinsu ta yi ƙara, ladan ya hura ta sau biyu yadda suke yi. Sannan ya ɗaga murya.

Muka saurare shi har ya kai ƙarshe.

"Malam yana kirana," ta ce. Kukan ya tsaya, muryar ta zama wata iri, a daidaice, kamar ta mai karanta saƙon wani.

"Me za ki ce masa?"

"Abin da na yi masa alƙawari." Ta ɗan tsaya. "Ka ci abinci in ka koma. Kada ka kwana da yunwa."

Wayar ta yanke.

Ban san iya zaman da na yi ba. Babban manoman nan ne ya zo ya tsaya a gabana da buta a hannu, ruwan alwala yana ɗiga daga gemunsa.

"Malam, lokaci ya yi. Kai ne baƙo, kai ne mai manyan kaya. Zo ka ja mu."

Na ce masa ban cancanta ba, ya ce ai ba a gardama a kan wannan. Na yi alwala, na shiga gaba, suka jeru a bayana. Na ɗaga hannu na yi kabbara, muryar ta fita da ƙyar.

Na gode wa Allah da ya sa ba a bayyana karatu a sallar la'asar.